Kwana Arba'in Ɗin da Ban Roƙa Ba

Mukhtar, kai ka jawo wannan babin. Ranar sunan 'yarka na ji ka a tsakar gida kana ba abokanka labari, wai Baba ne ya tsaya kai da fata har mutanen ƙauyenmu suka samu hannun jari a tashar sola, wai ba a ƙwari kowa ba ko da ƙwayar gero. Kana faɗa kana ɗaga kafaɗa kamar kai ka yi aikin. Ban tanka maka ba, don ba a gyara wa mutum zance a gaban baƙinsa. Kuma ba laifinka ba ne, abin da na ba ku shi kuka riƙe. Amma na tsufa, gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara yi mini gardama, na gaji da jin ana yabona a kan abin da na san yadda ya ƙare. Ka karanta kai da ƙannenka, kuma kada wanda ya zo mini da "ai Baba ba komai." Da komai.

Kun san a harkar lantarki na ƙare ƙuruciyata, daga hawa falwaya har na kai ga ofis mai kafet. Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne irin abin da idona ya gani a aikin. Duk inda aka je gina madatsar ruwa ko kafa turakun babban layi, tsarin ɗaya ne. A zo da masu awo, a kira dagaci, a raba diyya, a ɗauki hoto, a kaɗe riga a tafi. Kafin damina biyu diyyar ta zama babur da rediyo, gonar kuwa ta tafi ke nan. Wayar ta bi ta saman rufin mutane tana ƙugi, ta wuce su ta taho nan Nassarawa ta Kano ta kunna mana fanka da firji, su kuma su ci tuwo da fitilar ƙwai. Na sa hannu a irin waɗannan takardu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ina sa hannu ina cewa a raina, ranar da abin ya zo kan ƙauyenmu, wallahi ba haka za a yi ba.

Sai kuwa ya zo, bayan na yi ritaya. An sassauta doka, kamfanoni masu zaman kansu suka samu damar samar da wuta su sayar. Wani kamfani ya hango filin da ke yamma da garinmu, Tsamiyar Barde, ya ce nan zai shimfiɗa farantan sola. Dagaci ya cika mota biyu da dattawa suka taho gidan nan. Suka zauna a falon nan da kuke kallon ƙwallo, suna ta satar kallon labule.

"Injiniya," in ji dagaci, "kai ka san yarensu. Mu in muka shiga, shayi za su ba mu su karɓe gonakin."

Na karɓa, har da rawar jiki. Kusan shekara guda muka yi muna ja-in-ja a wani otal da ke bayan layinmu. Na ce ƙasa ba ta sayarwa ba ce, haya za a ba su, kuma masu ita su shiga cikin ribar muddin tashar tana aiki. Na ce a koya wa samarinmu aikin na gaske, ba gadi da share-share ba. Na ce kafin wuta ta tafi birni, sai an ja layi ya shiga gari. Sau biyu suna tattara takardunsu su fice, ni ma na taɓa buga tebur har kofi ya faɗi. Kun san halina. Cikinsu mutum ɗaya ce nake iya zama da ita ba jinina ya hau ba, shugabar injiniyoyinsu, Rahila, Kirista ce 'yar Zariya, mai sanyin magana, Hausarta ta fi ta dukanku. Ita ke ce mini Baba Injiniya. Da aka zo maganar wa zai samu me, ni na tsara jerin sunayen da hannuna a kan teburin cin abincin nan. Duk mai gona a filin, a auna gonarsa, a ba shi kaso gwargwadonta. Na dube shi na sake dubawa, na ce ko alƙali ba zai samu abin gyarawa ba.

To, ga inda ku 'yan Nassarawa sai an yi muku bayani, ku da kuke zaton daddawa a kwalba take tsirowa. A garinmu gona daban, itace daban. Mutum zai iya mallakar ƙasa, ɗorawar da ke tsakiyarta kuma ta wani ce, ko in ce ta wata, don yawanci na mata ne. Uwa ta bar wa 'ya, 'ya ta bar wa jika. Mai gona ya noma geronsa har gindin itacen, amma ko reshe ba ya karyawa. In 'ya'yan suka bushe mai itace ta zo da ƙugiyarta ta sauke, ta fitar da garin, ta wanke kalwar, wato ƙwayar da ake dafawa a yi daddawa. Ba a rubuce yake ba, kowa dai ya sani. Da mahaifinmu ya rasu aka zo rabon gado, Gwaggonku Hajara, wadda nake bi, ta ce mu maza mu ɗauki ƙasa, a bar mata ɗorawun Inna guda bakwai, ya ishe ta. Uku daga ciki a gonar da ta faɗo hannuna suke. Da su ta ci, da su ta aurar da 'ya'yanta bayan mijinta ya rasu. Ni ɗin nan a gindinsu na yi rarrafe. Amma na zauna da biro da na'urar lissafi na auna ƙasa taku-taku, ban ɗaga kai na dubi abin da ke tsaye a kanta ba. Su kuma farantan sola ba sa shiri da inuwa, duk itacen da ke filin sai ya faɗi.

Ana gobe za a sa hannu, da hantsi, cikin zafin bazara, maigadi ya shigo ya ce ga wasu tsofaffi biyu a ƙofa, ya ce musu ba a sayen daddawa a nan sun ƙi tafiya. Na leƙa sai ga Yaya Hajara da aminiyarta Ladi. Ku ba ku san Ladi sosai ba. Tare suka tashi, tukunyar dafa kalwa ɗaya suke amfani da ita, ranar kasuwa jaki ɗaya ke ɗaukar kayansu. Ladi doguwa ce, bakinta kamar reza, ba ta raga wa kowa. Na balbale maigadi da faɗa, mahaifiyarku ta shigo da su. Aka yi aka yi su hau kujera suka ƙi, suka zauna a kafet. Sai da suka sha ruwa aka gama gaishe-gaishe, Yaya ta kira ni da sunan da ita kaɗai ta rage tana kirana da shi.

"Ɗanlami, an ce an rubuta sunayen masu gona."

"An rubuta, Yaya."

"Masu itace fa?"

Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na shiga kame-kame. Na ce ai an ƙirga itatuwan, diyyarsu za ta bi gonar da suke ciki, masu gonakin sai su miƙa wa masu itace.

Ladi ta tuntsire da dariya. "Namiji ya karɓa ya miƙa wa mace? Injiniya, a Kano kake kwana, amma ai a ƙauye aka yanke maka cibi."

"Bari, Ladi," in ji Yaya. Ta juyo gare ni. "Ban zo a kan takarda ba, na san bakin alƙalami ya bushe. Abu ɗaya ya kawo mu, kuma matan gari ne suka aiko mu. Ɗorawa ta yi 'ya'ya bana kamar ta san ita ce ta ƙarshe. Amma ɗanyu ne. An ce katafila za ta shiga sati mai zuwa. Ka roƙa mana su ba mu kwana arba'in su bushe mu sauke. Mu samu kalwar shekara, mu ga inda za mu sa kanmu."

"Wannan ai ƙaramin abu ne, Yaya. Gobe zan faɗa musu."

Ta yi ta sa mini albarka. Mahaifiyarku ta haɗa musu sabulu da atamfa, direba ya kai su tasha. Da ta dawo ciki ta tsaya a kaina ta ce, "Alhaji, ka rubuta a tafin hannunka. Na san ka in ka shiga cikin masu kwat." Na ce mata ta bar ni, ni ba yaro ba ne.

Kashegari ɗakin taro ya cika. Manyan kamfanin sun iso, wasu daga Legas, wasu daga ƙasar waje, ga lauyoyi, ga wani babban jami'in gwamnati da muka taɓa aiki tare. Kafin a zauna ya dafa kafaɗata yana dariya, ya ce da Turanci yadda kowa zai ji, yana fata dai mutanena ba za su nemi a biya su kuɗin barcin kajinsu ba. Aka yi dariya, ni ma na yi. Aka shiga magana. Abu na ƙarshe da ya rage shi ne layin da zai shiga gari, suka yi ta nuƙu-nuƙu, daga bisani suka amince. Na ci su. Shugabansu ya miƙo biro, ya tambaya ko akwai sauran magana. Rahila ta dube ni ta maimaita da Hausa.

"Baba Injiniya, akwai saura?"

Maganar tana bakina. Ban manta ba, kada ku ce mantuwa ce. Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa tsoro na ji kada ƙaramin abu ya rushe babban, wai na riga na ja igiyar har ta kusa tsinkewa. Ƙarya ce. Kunya na ji. Na hango kaina ina yi wa mutanen nan bayanin daddawa da Turanci, abin da ake rufewa kwana uku ya yi wari kafin a ci. Na hango fuskar jami'in nan. Shekara guda ina magana da su a kan riba da kaso kamar ɗayansu, yanzu in buɗe baki su tuna ƙanin mai daddawa ne. Ina da shekara sittin da 'yan kai, da jikoki, da gida a Nassarawa, kunyar sana'ar yayata ta kama ni.

"Babu," na ce. Na sa hannu, aka tafa.

Ranar Juma'a na je gari. Maza suka tare ni tun daga bakin hanya, har da masu kiɗa. Da na samu na sulale na shiga wurin Yaya, tana zaune tana gyaran ƙugiyarta, ta sa mata sabuwar gora. Ta ɗago ta dube ni.

"Na roƙa, Yaya. Sun ce injinan na haya ne, ba za su iya jira ba."

Ta ajiye gorar a hankali. "To. Allah ya saka maka da alheri. Ka yi iya yinka."

Haka ta fita daga bakina, sumul, ko tuntuɓe ban yi ba. Bayan kwana tara katafila ta shiga. Ban je ba, na ce ina da ganin likita. Aka ce matan sun bi itatuwan a kwance suna tsinkar 'ya'yan, amma ɗanyar ɗorawa ba ta ba da kalwa, awaki suka ci. Kuma kun san abin da ya fi ci mini rai? Bayan an share filin tas, kayan kamfanin suka maƙale a tashar jiragen ruwa. Damina guda cur filin nan yana kwance ba a dasa ko ƙusa ba, sai ciyawa.

Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi. A wani gidan biki, cikin mata, Ladi ta ce ita fa ba ta yarda an roƙa ba. Ta ce mutumin da ya sa kamfani ya ja waya har cikin gari, kwana arba'in ne za su gagare shi? Yaya ta miƙe ta ce ba a gabanta ba. Aka yi cacar baki har sai da aka shiga tsakani. Daga ranar suka daina magana. Ladi ta aiko aka ɗauke tukunyar, Yaya ta mayar mata har da murfi. Mahaifiyarku ce ta kawo mini labarin, tana cewa kai, Yaya Hajara akwai son ɗan'uwa. Na ce Allah ya daidaita su, na ci gaba da karatun jaridata. Kullum ina cewa in ƙura ta lafa zan gyara. Shekara huɗu suka yi a haka, gida yana kallon gida. Sannan Ladi ta kwanta ciwon kwana biyu ta rasu. Yaya ta je gaisuwa, ta zauna daga bakin ƙofa, ta tashi.

Ba zan ɓata abin da ya yi kyau ba don in ji daɗin zagin kaina. Wuta ta shiga Tsamiyar Barde kafin ta zo birni. Akwai injin niƙa, ɗakin shan magani ya samu firji, yaranmu suna hawa suna gyara farantan da kansu, masu gonaki suna ganin rabonsu duk shekara. Wannan duk gaskiya ne. Amma matan da ke da itace, kaɗan ne mazan suka miƙa wa wani abu, kamar yadda Ladi ta faɗa. Na kai maganar gaban kwamitin masu gonaki a buɗe jerin a sa su, aka taso mini kamar na zagi iyayensu, kowa yana tsoron kasonsa ya ragu. Na yi sau biyu, na gaji, na bari. Na ce wa Yaya a mayar da nawa kason sunanta, ta ce gonata ce, ita ba ta cin gadon wani. Ta gwada sayen kalwa a kasuwa tana dafawa, ba ta fita. Daga baya ƙafa ta matsa mata, 'yarta Asabe ta ɗauko ta ta dawo da ita unguwar Gama, nan Kano. Kun sha zuwa gaishe ta, kun ji yadda take cika baki da ni. Duk wanda ya shigo sai ta gaya masa ƙaninta ne ya kawo wa garinsu wuta.

Bara da ƙaramar Salla sai ga Rahila ta zo gaishe ni. Ta bar kamfanin, tana koyarwa yanzu. Aka kawo tuwo da miyar kuka, ta ɗanɗana ta lumshe ido, ta ce wannan daddawar ta gida ce, irin ta mamarta. Ashe da sana'ar daddawa uwar ta yi musu makaranta su biyar. Daga nan hira ta gangara kan filin.

"Baba Injiniya, ranar da aka kayar da ɗorawun nan da 'ya'ya a jikinsu, sai da na koma mota na yi kuka," ta ce. "Da wani daga gari ya ce a jira, ta gabas za mu fara, can babu itace. Ba abin da zai ragu. Ni ba ni da hurumin tayar da maganar in masu wuri ba su tayar ba. Shi ya sa na tambaye ka ko akwai saura."

Na tsame hannuna daga tuwon. Da ta tafi na kira mahaifiyarku ɗaki na gaya mata komai. Shekara arba'in da aurenmu ban taɓa ganin ta dube ni haka ba. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"Alhaji, ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ta ce. "Yayarka ta haura tamanin. Tashi ka je Gama tun tana jin magana."

Sai da na ƙara kwana shida ina juya abin. Ran na bakwai bayan la'asar na tuƙa kaina, na ajiye mota a bakin titi don lungun ba ya shiguwa, na taka da sandata ina tsallake kwata. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma tana tsince wake a faifai. Ta yi murna, ta ƙwala wa Asabe kira a kawo wa Injiniya kujera. Na ce a bari, na durƙusa da gwiwar nan tawa na zauna a ƙasa kusa da ita. Na ce Asabe ta ba mu wuri. Sannan na faɗa mata, ban rage komai ba, har dariyar da na taya jami'in nan, har kunyar. Ina magana hannunta yana cikin waken bai motsa ba.

Da na gama ta ce, "Ke nan Ladi ta yi gaskiya."

"Ta yi gaskiya, Yaya."

"Na ce mata maƙaryaciya a gaban mata. Na ce baƙin ciki take yi don ita ba ta da ƙani injiniya." Muryarta ba ta ɗaga ba. "Da ta kwanta ta aiko jikarta ta ce in zo. Na ce sai ta janye abin da ta faɗa a kanka."

Wannan ban taɓa sani ba sai ranar. Na ce ta yafe mini, na faɗa na sake faɗa, ina kuka kamar ba ni ne mai buga tebur ba. Ta ture faifan gefe, ta goge hannunta da bakin zane.

"Itatuwan na yafe maka, Ɗanlami. Ko ba katafila wata rana za su faɗi. Kunyar ma na yafe, ai daddawa wari gare ta, ban ce ba ta da shi ba." Ta juyo ta dube ni sosai. "Amma gaya mini, kai da ka yi boko. Ni yanzu ina zan je in ba Ladi haƙuri?"

Na zauna a tabarmar nan tare da ita har aka kira magariba.